Kwayil a Kaskon Yashin Inna

Waɗanda suka zo gaisuwar rasuwar Kawu kashi biyu ne, kuma ko a wajen zama ba su haɗu ba. Kashi na farko mutanen unguwa ne da 'yan uwa da abokan kasuwa, waɗanda suka cika tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidansa a Gwammaja. Su ne masu magana. Limamin masallacin layin ya shaida cewa bai san ranar da ya waiwayo bayan sallama bai ga Kawu a sahun farko ba. Wani dattijo maƙwabci ya ce tunda yake bai taɓa jin muryar mamacin a sama ba. Wannan ba gaskiya ba ne, domin duk wanda ya zauna a layin nan ya sha jin ta, amma na ƙyale shi tunda alheri ya nufa. Sai wani mai sayar da kayan gyara, bayan ya shafa addu'a, ya gyara zaman hularsa ya ce:

"Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki. Amma fa akwai jan rai! A kan kwayil ɗaya tal, sai ya sa mutum ya wuni a soro kamar mai jiran haihuwa."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Ni ban yi ba.

Kashi na biyu baƙi ne da suka zo a motar haya daga ƙauyukan da ke bakin manyan madatsun ruwa. Rana ta ƙona su, tafukan hannunsu sun yi kanta. Suka yi gaisuwa a taƙaice, suka ƙi hawa tabarma, suka tsugunna can gindin bango kusa da duron ruwan da Kawu yake ɗora injin jirgi a kai in zai gwada shi. Ɗaya daga cikinsu, wani mai fito mai furfura a gemu, ya dafa bakin duron ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Shi ne ya zo da wani ɗan buhu a kafaɗa. Wanda ya karɓa don shigar da shi cikin gida ya zaci gero ne na gaisuwa, da ya zura hannu sai ya ji yashi. Na ji yana raɗa wa na kusa da shi: "Mutanen nan lafiyarsu ƙalau kuwa? Yashi a gidan mutuwa?"

Wancan barkwanci da wannan raɗa su suka sa na zauna rubuta wannan. Ni ɗan ƙanwar mamacin ne. Na ƙare shekarun aikina a ofishin adana takardu, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, idan ba a rubuta gaskiyar mutum ba, labarin da ya fi daɗin faɗa a kansa shi ke zama tarihinsa. Ba zan yarda Kawu ya shiga bakin jikokinsa a matsayin tsoho mai ɓata wa mutane lokaci ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka ba ni kuma zan faɗi wanda ya ba ni.

Mutum zai yi mamakin yadda haifaffen cikin birni, wanda ko iyo bai iya ba, ya ƙare rayuwarsa a gyaran injin jirgin ruwa. Da gyaran babur ya fara, ya koma injin ban-ruwa. Da masunta da masu fito suka soma ɗaura wa jiragensu inji, ya zamana duk abin da ya lalace sai an zo Kano neman kayansa, wani ya nuna wa wani ƙofar Kawu, har soron gidansa ya zama wurin da aka sani. Yana gyara komai na injin, amma a kan abu ɗaya ya yi suna, kuma a kansa ake yi masa tsiya: kwayil.

Ga wanda bai sani ba, kwayil wani ɗan ƙullin waya ne da aka naɗe aka rufe da baƙar roba mai tauri, bai kai dunƙulen hannu ba. Shi ke tura wuta zuwa filogi, filogi ya kunna mai, inji ya tashi. Sharrinsa shi ne, mara kyau ma yana ba da wuta lafiya lau muddin da sanyinsa. Sai inji ya yi tafiya, murfinsa ya tara zafi, sannan ya ɗauke wuta ɗif. Kawu yakan ce wa masu gaggawa: "Mai mota idan ta mutu masa sai ya sauka ya tura. Kai ina za ka sauka?"

Mahaifiyata ce ta ba ni asalin wannan magana, domin shi bai taɓa ba ni ba. Tun yana sabon shiga harkar, ya sa wa wani inji sabon kwayil, aka ja igiya a bakin ruwa ya tashi da ja ɗaya, mai jirgin ya ce ya shigo su tsallaka ya ci kifi a gidansa. Ranar kasuwa ce, jirgin cike da mata masu goyo da buhunan hatsi. Sun kai inda ba a rarrabe mutum da kututture a gaɓa sai injin ya yi shiru, ga hadari ya haɗo. Kawu ya ja igiya har fatar hannunsa ta saluɓe. Mata suka riƙa kwashe ruwa da kwanukan sha, maza suka ɓalle katakon zama suna tuƙi da shi. Allah ya fitar da su ba a rasa kowa ba. Suna isa gaɓa, injin ya huce, wani ya ja igiyar da wasa, sai ya tashi garau. Mahaifiyata ta ce wannan tashin da ya yi a gaɓa ya fi mutuwar da ya yi a tsakiyar ruwa ƙona wa yayanta rai. Babu wanda ya zarge shi, domin a jikin kwalin kwayil ɗin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana jure zafi. Amma ya dawo gida ya kasa cin abinci, kuma daga ranar bai sake sa ƙafarsa a jirgi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Na sha raka shi kasuwar kayan gyara, don haka yadda yake zaɓe na gan shi da idona. Da an miƙo masa, zai zare kwayil ɗin ya tura wa mai shago kwalin.

"Riƙe kwalinka, Alhaji. Ba shi zai shiga ruwa ba."

"Haba Malam, orijina ne fa! Ka duba tambarin."

"Na gani. Mai buga tambari ya iya aikinsa. Saura mai naɗa waya."

Sai ya ɗora shi a tafin hannunsa yana ɗan jijjiga shi kamar mai auna tumatir. Wanda aka naɗa da jan ƙarfe na gaske yana da nauyinsa, na jabu kuwa sakayau yake. Ya karce robar da farce ya ji ko mai tauri ce ko mai danƙo. Ya kai shi hanci. Ya juya shi wajen haske yana neman tsaga, ko siririya ce kamar gashi. Ya lanƙwasa wayar daidai inda ta shiga jiki, ya ga ko akwai kafar da raɓa za ta bi. A cikin tuli guda zai iya ware biyu ko uku, ya ce zai tafi da su ya dawo da wanda bai yi ba. Wasu masu shagon suna yarda, wasu su bi shi da harara.

A nan dole in faɗi abin da ke raina. Akwai mutanen da suke zaune a wani wuri, da iliminsu da injinansu, suna naɗa wayar da suka san ba za ta jure zafi ba, su rubuta a kwali cewa tana jurewa. Akwai masu shigo da ita da saninsu, akwai masu sayar da ita da saninsu. Babu ɗaya daga cikinsu da zai taɓa ganin fuskar matar da ke kwashe ruwa da kwanon sha, da ɗa a bayanta. Waɗannan ba a kiransu da wani suna a wajen makoki. Wanda ya tsaya tsakaninsu da ruwa shi ne mai jan rai. Wannan rashin adalci ne, kuma na rubuta shi a matsayin rashin adalci.

Duk da wannan aune-aune da shinshine-shinshine, Kawu bai taɓa yarda da hannunsa shi kaɗai ba. Yakan ce hannu zato yake yi. Hukunci na cikin gida ne, kuma a nan ne abin da masu dariya ba su sani ba yake.

Matarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, sana'arta suyar gyaɗa marau-marau, wadda ake soyawa a cikin yashi mai zafi. Bayan azahar take hura wuta. Idan ta kwashe kaskon ƙarshe ta janye itace, sai ta zauna tana jiran yashin ya sauko. Takan tsoma yatsu a ruwa ta yarfa a kai. In ɗigon ya yi ƙara ya yi tsalle, da saura, zai narkar da roba. In ya shige shiru ya bushe nan take, to ya kai irin zafin da kwayil ke sha a ƙarƙashin murfin inji a tsakiyar rana. Yadda suka daidaita wannan a tsakaninsu, bayan sun ƙona nawa, ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai san takan sa kwayil ɗin a wani tsohon gwangwanin madara, ta rufe, ta binne shi a yashin, ta ci gaba da sheƙe gyaɗarta. In ta gama sai ta ɗaga murya:

"Malam, zo ka ɗauki kayanka."

A soro, a lungun da ya fi duhu, Kawu ya ɗaure wani tsohon kan inji a jikin benci, ya yi masa mariƙi irin na injin markaɗe. In aka jona kwayil aka juya mariƙin, ana ganin wutar da ke tsalle a bakin filogi. Amma dole a jona shi da zafinsa, kafin ya huce. Saboda haka wannan dattijo mai nutsuwa, wanda ko ruwan sama ba ya sa shi sauri, sai ka gan shi ya tattare riga, ya riƙo gwangwani da tsumma, ya keto tsakar gida da gudu, kaji na watsewa, yana faɗin "Hanya! Hanya!" A duk rayuwata, a wannan 'yar tazarar kaɗai na taɓa ganin Kawu yana gudu.

Duk wanda ya samu a soron shi zai juya mariƙi. Ni kaina, da girmana da kayan ofis a jikina, in na biya gaishe shi sai ya ce: "Magatakarda, ajiye biron nan ka kama aikin gaske." In wutar ta fito ja-ja, ko tana yi tana ɗaukewa, to kwayil ɗin bai yi ba. Zai cire kwayil ɗin ya jefa a kwando, ya ɗauki na biyu ya koma ciki a hankali. In kuwa ta fito shuɗiya, mai kauri, tana tas-tas, sai ya juya fuskarsa wajen ƙofar cikin gida ya kwarara murya yadda har layi na biyu ana ji:

"Shuɗiya!"

Daga ciki kuma, ba tare da ko ɗigon murna a muryarta ba, Inna za ta amsa:

"To, a dawo min da gwangwanina."

Shekara da shekaru ban ji sun canza kalma ɗaya a wannan ba. Su mutanen da ne, ba sa kiran sunan juna, ba sa hira a gaban yara. Na girma kafin na gane cewa wannan ita ce hirar tasu.

Ga amsar mai kayan gyara ke nan. Wanda ya kawo inji da safe dole ya jira azahar ta wuce, domin Inna ba ta hura wuta don kwayil, sai don gyaɗarta, kuma Kawu bai taɓa neman ta sauya lokacinta ba. Bai kuma taɓa yi wa wani namiji bayanin cewa matarsa ake jira ba. Ya gwammace a ce shi ne mai nawa. Masu jiragen da suke wuni a soron sun sani, tunda kunnensu na ji, kuma ba su taɓa kai maganar kasuwa ba. In yamma ta yi wa mutum, a soron zai kwana, a fito masa da tuwo, da safe a ba shi koko. Kawu ba ya cin abinci sai ya ga kwanon baƙo ya fita.

Sun taɓa yin faɗa a kan wannan aiki, faɗa na gaske. Wata rana wani kwayil na jabu ya narke, murfin gwangwanin ya buɗe, roba ta malale cikin yashin. Washegari masu saye suka riƙa dawo da gyaɗa suna cewa warin taya take yi. Inna ta yi wurgi da gwangwanin har soro, ta ce kaskonta na abincin mutane ne, ba garejin kowa ba. Kawu ya ce ai ran mutane ya fi gyaɗa. Ta ce to ya je ran mutanen ya soya masa. Suka daina magana, sai dai mahaifiyata ta kai saƙon wannan ta dawo da na wancan. Ya gwada shanya kwayil a kan kwanon rufi, ya gwada tururin buta, bai gamsu da ko ɗaya ba. Injuna suka taru a gindin bango, ya ƙi sallamar kowa. Ya rame. Ita ma, in ji mahaifiyata, sai ta gama suya ta zauna ta zuba wa yashin ido har ya huce.

Ranar da abin ya ƙare ina gidan. Ya shigo alwala sai ya ga wani sabon ƙaramin kasko a gefen babban, an ɗebo yashi mai zafi an zuba a ciki, ga gwangwanin an wanke shi an kife a kai. Ya tsaya yana kallo.

"Wannan kuma na wane ne?"

"Na baƙinka ne," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Tuwona suke cinyewa. A sallame su su tafi."

Bai ba ta haƙuri da baki ba, ba a yi shi haka ba. Amma ya roƙi mai jirgin da ya fara sallama cewa in zai dawo ya ɗebo masa farin yashin bakin ruwa, mai laushi, wanda ba ya da ƙasa. Ya kai mata ya ajiye a ƙofar ɗakinta. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk mai jirgin da ya san gidan, in zai kawo inji sai ya haɗo da ɗan buhun yashi na Inna. Wannan shi ne yashin da aka yi wa raɗa a ƙofar gida.

Kawu bai yi doguwar jinya ba. Ya dawo daga kasuwa da kwayil biyu a aljihu, ya ajiye su a kan benci, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa kafin Inna ta hura wuta. Ba a hura wutar ba ranar.

Bayan an yi sadakar uku baƙin bakin ruwa suka tafi, ban da mai fiton nan mai furfura. Na same shi zaune a soro, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Da na matsa masa da tambaya, sai ya nuna mini injin da ke ɗaure a bakin duro. Nasa ne. Shi ya kawo shi ana gobe rasuwar, ya koma gida ɗebo yashin da ya manta, ya dawo ya tarar da makoki. Kwayil biyun da ke kan benci dominsa aka sayo su. Damina ce, ruwa ya cika ya batse, kuma jirginsa ne kaɗai mai inji a mashigarsu. Jibi kasuwar tsallake take ci. In bai koma ba, mutane za su cushe a ƙananan kwale-kwale na tuƙi, da kayansu da 'ya'yansu, kuma ya san abin da iska ke yi wa irin waɗannan. Kunya ta hana shi buɗe baki a gidan da ake kuka.

Babban ɗan Kawu, wanda ya tashi a soron kuma shi ke riƙe da aikin yanzu, taubashina ne, don haka ba ma raga wa juna. Ya shigo ya same mu, idanunsa sun yi ja.

"Ɗan mace, an zo yi mana binciken takardu ne?"

"An zo tambayar injin bawan Allah nan."

"Yau zan ɗaura masa ya tafi. Na auna su da mita, duka biyun lafiyarsu ƙalau."

"Da sanyinsu ka auna."

"Na sani." Ya zauna a bakin bencin. "Kana zaton ban sani ba? A gidan nan aka haife ni. Amma so kake in shiga in ce wa mahaifiyata, da ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba, ta tashi ta hura wutar sana'a? Ɗaki cike da mata? Gobe a ce mun kasa haƙuri, ko bakwai ba a yi ba mun buɗe kasuwa? Kai da ka iya tsara magana, shiga ka faɗa mata."

Ban shiga ba. Raina ya ɓaci, amma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Na tambaye shi wanne zai ɗaura. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya ɗora a tafinsa yana jijjigawa, ya ajiye, ya ɗauki ɗayan, ya karce shi da farce, ya kai hanci. Bai san yana yi ba. Mai fiton ya kau da kai.

"Wannan," in ji taubashina. "Ina zato."

Muna cikin haka mahaifiyata ta leƙo daga cikin gida. Ashe an shigar da buhun yashin tare da kayan gaisuwa, an jingine shi a bayan ƙofa, sai a ranar Inna ta lura da shi. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, ta san ba a kawo yashi sai da inji.

"Ta ce a tambayi mai yashin nan, an gwada nasa kuwa?"

Mahaifiyata ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta koma.

Da na shiga tsakar gida, Inna ta riga ta fito da kaskonta biyu. Tana sanye da tufafin takaba, ba kwalli ba awarwaro, fuskarta ta faɗa. Tana tsugunne tana jera itace, mata sun yi cirko-cirko a bakin ɗaki. Wata gwaggo daga dangin Kawu ta ce:

"Haba ke kuwa! Takaba fa kike yi. Me duniya za ta ce?"

"Ado aka hana ni, Yaya, da kwana a wani gida. Ban ji malamin da ya hana ni hura wuta ba." Ta karya wani kara ta cusa. "Ya tafi ya bar aiki a hannu, rabin aikin kuma nawa ne. In jirgin nan ya tsaya da mutane a tsakiyar ruwa, wa za a tambaya, shi ko ni?"

Ta zazzage sabon yashin a babban kaskon. Ta ce a miƙo mata gyaɗa, domin ita ba ta san zafin yashi ba sai ta soya wani abu a cikinsa. Ta soya kwano guda, ta kwashe, ta ce a fita da ita ƙofar gida a raba wa masu zaman makoki sadaka, ladan ya kai wa mai gidan. Ta janye itacen, ta ɗebi yashi ta zuba a ƙaramin kaskon, ta zauna tana yarfa ruwa tana saurare.

Taubashina ya kawo kwayil, amma ba wanda ya zaɓa ba, ɗayan ya fara miƙawa. Daga baya ya faɗa mini tsoro ne ya kama shi, kada zaɓinsa na farko bayan mahaifinsa ya mutu a gaban mahaifiyarsa. Ta binne gwangwanin. Ni na koma soro na kama mariƙi. Can sai muka ji muryarta, ta fara "Mal..." ta tsaya. Sannan ta ce, a hankali: "Zo ka ɗauka."

Taubashina mutum ne mai jiki. Ya keto tsakar gidan da gudu, takalminsa ɗaya ya fice, ya faɗo soron yana haki, ya jona wayoyin. Na juya mariƙin da iyakar ƙarfina. Wuta ta fito ja-ja, ta yi tsalle kaɗan, ta ɗauke. Na ƙara juyawa. Babu komai. Wannan kwayil ne da mita ta wanke shi da safe. Mai fiton ya yi salati a hankali, ya share goshinsa. Taubashina ya miƙa hannu. Ya cire shi ya jefa a kwando, ya ɗauki wanda ya zaɓa, ya koma ciki yana tafiya a hankali.

Jiran na biyu ya fi tsawo, domin sai da aka sake ɗumama yashin. Ana jiyo masu makoki a waje suna ɓarar gyaɗa. Sannan muka ji gudu.

Na juya. Wuta ta tsallaka bakin filogin, shuɗiya, mai kauri, tana tas-tas a cikin duhun lungun. Na ci gaba da juyawa har kafaɗata ta gaji, ba ta ɗauke ba, ba ta sauya launi ba. Mai fiton ya rufe fuskarsa da tafukansa.

Taubashina ya tsaya yana kallon wutar. Na saki mariƙin. Soron ya yi tsit, cikin gidan ma ya yi tsit, na kuma san abin da ake jira a can. Na taɓa kafaɗarsa na nuna masa ƙofa. Ya girgiza kai. Na ce, "Ba ni zan faɗa ba, ɗan gida. Ni ɗan mace ne." Sai ya juya fuskarsa wajen ƙofar cikin gida kamar yadda ya ga ana yi tun yana rarrafe.

"Shuɗiya!"

Ban taɓa lura muryarsa da ta Kawu ɗaya ce ba sai a ranar. A ƙofar gida ɓarar gyaɗa ta tsaya. Limamin ya ce mini daga baya sai da ya waiwaya.

Daga ciki ba a amsa ba. Muka tsaya muna jira, har na fara tunanin ba za a amsa ba, har na fara zargin kaina da sa shi. Can sai muryar Inna ta fito, a dishe, amma kalmomin ba su canza ba:

"To, a dawo min da gwangwanina."

Washegari da sassafe mai fiton ya ɗora injinsa a mota. Ya kama kasuwarsa, kuma ya aiko cewa sun tsallaka lafiya, sun dawo lafiya. Allah ya karɓi Kawu da rahamarsa, ya sanyaya masa makwanci, ya tsallakar da shi kamar yadda ya yi ta ƙoƙarin ganin bayinsa sun tsallaka. Allah ya ba Inna haƙuri da tsawon kwana.

Gwangwanin kuwa, taubashina ya goge shi da gefen rigarsa, ya riƙe shi da hannu biyu, ya shiga ya kai mata.